Mai Jita da Mai Ganga: Tarihin Wata Kujera Tsakanin Sakkwato da Agadas

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'azbine ya sauko daga Nijar ya shigo birnin Sakkwato domin ya ɗauki waƙoƙinsa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ko da yake yau duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. A wancan lokaci waƙoƙin finafinan Hausa sun riga sun ratsa Ƙonni da Tawa har cikin Sahara, kuma duk saurayin da ke son muryarsa ta fito irin ta rediyo ya san inda zai dosa. Ya rera da harshen Tamashek, ya kaɗa jitarsa, masu situdiyo kuwa suka yi masa abin da suka saba yi wa mawaƙan fiyano: suka bi muryar da na'urar nan mai lanƙwasa ta, suka shimfiɗa masa kiɗa daga na'ura. Kundin da aka samu shi ne Anar. Jita tasa ce, murya tasa ce, amma bugun da ke ɗauke da su na inji ne.

Yau sunan Mdou Moctar ya zama sunan ƙungiyar mutum huɗu masu kiɗan rok, waɗanda ke cika manyan dandali a Amurka da Turai. Wanda duk ya saurare su zai gaya maka cewa in ka ɗebe jitar maigidan, abin da ya fi tsaya wa mutum a kunne shi ne bugun matashin da ke zaune a baya, Souleymane Ibrahim. Sai da aka ɗebi shekara goma da 'yan kai kafin wannan kujera ta samu wanda ya zauna ta daram. Yadda aka cike ta labari ne da ya kamata mutumin Dogon Daji ko Tambuwal ko Kebbe ya saurara, domin hanyar da aka bi tsohuwar hanyarmu ce, mu kuwa mun fara barin ta.

A kiɗan rok mai ganga ne ke riƙe da kowa. Jerin ganguna huɗu ko biyar ne a gabansa da faya-fayan tagulla, babbar gangar tana kwance a ƙasa yana taka ta da ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar tana buɗe wasu faya-fayan tana rufewa, hannuwa biyu na riƙe da sanduna. In ya ƙara sauri kowa ya ƙara, in ya yi sanyi waƙa ta mutu a tsaye. Shi ya sa rabuwa da mai ganga kan girgiza ƙungiya tun daga tushe. Da John Bonham ya rasu a watan Satumba na 1980, abokansa na Led Zeppelin ba su nemi madadinsa ba, kafin shekarar ta ƙare suka sanar da cewa tafiyar ta tsaya. Waɗanda suka zaɓi nema kuwa, abin da aka fi sani gare su shi ne cigiya da gwaji. A 1970 ƙungiyar Genesis ta Ingila ta sa cigiya a jaridar Melody Maker, aka kira masu nema zuwa gidan iyayen mawaƙinsu Peter Gabriel. Phil Collins ya yi sammako, aka ce masa ya je ya yi iyo a tafkin gidan kafin layi ya zo kansa. Shi kuwa ya kasa kunne yana jin abin da ake gwada na gabansa, ya haddace, ya shigo ya cinye. Bayan shekara 40, a 2010, Dream Theater ta Amurka ta tara gwanayen makaɗa 7 a Niyok ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara, ta ɗauki Mike Mangini, har aka yi fim da gwajin.

Ko a can ɗin akwai wata hanyar. Lokacin da Beatles suka sallami Pete Best a watan Agusta na 1962 suka ɗauko Ringo Starr, sun daɗe da sanin hannunsa. Tun a gidajen rawa na Hambog a Jamus suke jin sa yana buga wa wata ƙungiya ta garinsu Libaful, kuma ya sha zama musu idan nasu makaɗin bai samu zuwa ba. A gaban jama'a suka auna shi. Wannan ita ce ta yi kusa da tamu.

Dogon Daji gari ne na sarauta. A nan aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1923, a gidan Sarkin Yamma Haliru, kuma wanda duk ya tashi kusa da ƙofar hakimi a wannan yanki ya san cewa kiɗi ma sarauta gare shi. Akwai jagora, akwai Daudun Kiɗi mai bi masa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai yayata kyautar da aka yi. Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, da rawaninsa na Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi zamani. Ƙungiya irin wannan ba ta cigiyar makaɗi. Haihuwarsa take yi, ko ta rene shi.

Gidan Musa Ɗanƙwairo ya isa misali. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, yayansa Abdu Kurna ne ya gaji jagorancin gidan, shi kuwa Musa ya daɗe a matsayin Daudun Kiɗi kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ko laƙabin nasa daga cikin ƙungiyar ya fito: an yi wani mai zaƙin murya a cikin mutanen mahaifinsa ana kiransa Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka ce Ɗanƙwairo. Kafin rasuwarsa a 1991 'ya'yansa ne ke rataye da kotso a bayansa. Haka Aliyu Ɗandawo ya bar wa Sani ɗansa kiɗin fada a Yawuri.

Sai mutum ya dubi kotso da kyau kafin ya gane dalilin da ya sa ba a iya ɗaukar baƙo rana ɗaya. Ganga ce mai baki ɗaya da tsukakken ƙugu, ana rataya ta a kafaɗa. A tsakiyar fatar ana liƙa nake domin muryarta ta yi zurfi. Hannu ɗaya na bugu da yatsu, ɗayan yana matse tsarkiya yana saki, sautin yana hawa yana sauka tare da karin maganar da ake rerawa. Su waɗannan masu kotson kuma su ne 'yan amshi. Jagora zai jefa rabin magana, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo da baki ɗaya ba tare da wani ya riga wani ba, hannuwansu kuma ba su tsaya ba. Mai irin wannan aiki sai ya haɗa murya da hadda da hannu, ya kuma san asalin sarkin da ake wa waƙa da sunayen kakanninsa da waɗanda ake wa habaici. Irin wannan haɗin ne ya sa har gobe ake sauraron Narambaɗa da Sa'idu Faru ana jinjina kai.

Don haka yaro daga ɗaukar kaya yake farawa. Shi zai rataya ganguna zuwa fada, shi zai fitar da su rana idan damina ta sa fata ta saki, shi zai zauna a gefe da dare ana tsara sabuwar waƙa yana sauraro. Daga nan a bar shi ya riƙa karɓar gindin waƙa da baki kawai. In ba ɗan gida ba ne, ubansa ne zai kamo hannunsa ya kawo shi ya ce, "Sarkin Kiɗi, ga ɗanka nan, amana na ba ka." Ba wanda zai kira shi wata rana ya ce ya ci jarrabawa. Sai dai ranar wata Salla wani dattijo ya kasa fitowa, a miƙa masa kotso, jagora ya waiga sau ɗaya ya dube shi. In bai sake waigowa ba, yaro ya samu gurbi.

Masu kalangu nasu tsarin ya fi sakewa, domin su 'yan fage ne. Kalangu asalinsa na mahauta ne, daga nan ya bi 'yan dambe da 'yan mata a dandali da manoma. Ɗan Anace na Gandi a fagen dambe ya yi suna shi da ɗan damben nan Shago, Gambu na Fagada nan kusa da Jega da kalangu ya yi nasa zamanin. Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba, a dandalin Musawa ya fara, don haka makaɗansa tsinto su ya yi. A irin wannan tafiya kunnen jagora shi ne alƙali. Zai je cin kasuwa ko kallon dambe bayan kaka, ya ji wani hannu daga cikin taro wanda gularsa ke faɗuwa daidai, ya tambaya, "Wannan yaron wane ne?" Daga nan sai zance ya koma wurin uban yaron ko maigidansa. Gwajin kuwa an riga an yi shi a bainar jama'a. Makaɗin dambe da ya ga ɗan wasa ya shigo fage ya buga masa taken wani, ya sha kunyar da ba a mantawa. Wanda ke bayan Shata kuma sai ya iya bin mutumin da ke ƙirƙirar waƙa nan take, bai san inda za a karya ba sai an karya.

Agadas ba baƙon gari ba ne ga Basakkwace. Gobirawa sun ce daga Azbin suka sauko, Shehu Usmanu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har can, Hausa ce kuma harshen kasuwar garin har yau. Fadar Sarkin Azbin tana da kakaki da algaita da tambura. Amma kiɗan Azbinawan daji dabam yake. Babbar gangarsu ita ce tende: turmin daka ne ake rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, mata ke bugawa suna rerawa, wasu na tafi, maza na zagaye su a kan raƙuma. An gama biki a kwance fata, turmi ya koma aikinsa. Akwai kuma takamba, wadda ake yi da molo mai tsarkiya uku da ƙwarya.

Jita ta shigo ne ta hannun samarin da farin 1973 da na 1984 da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. A cikinsu aka samu Ibrahim Ag Alhabib da abokansa da suka kafa Tinariwen wajen 1979, a ɓangaren Nijar kuma aka samu Abdallah Oumbadougou, wanda kaset-kaset ɗinsa suka riƙa yawo a ɓoye lokacin tawayen farkon shekarun 1990. Waƙoƙin zaman dare ne a bakin wuta, kiɗansu tafi ne da jarkar ruwa da wani zai kifa yana bugawa da tafin hannu. Har Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012 mai kiɗanta ƙwarya da gangar hannu yake bugawa. Ke nan an yi shekaru ana kiɗan jita a Sahara ba a ma san da wata kujerar mai ganguna ba.

Sulhun da aka sa wa hannu a watan Afrilu na 1995 ne ya sauya lamarin. Jita ta fito daga ɓoye ta shigo gari, ta zama kiɗan aure da suna. Da ta samu lantarki da lasifika kuwa sai ta danne ƙwarya, na bayan taro ba ya jin bugu ko kaɗan. Dole aka nemi abin da zai yi ƙara daidai da ita. Tarihin ƙungiyar Etran de L'Aïr ya nuna wannan sauyi tiryan-tiryan. A 1995 aka kafa ta a wata unguwar talakawa ta bakin Agadas, 'yan uwa ne da 'ya'yan 'yan uwa, da jita guda marar lantarki. Gangarsu ta farko ƙwarya ce da aka kifa a cikin ruwa ana bugun ta da takalmi. Matan ƙasar Hausa ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, shi ne kiɗan ƙwaryar da Barmani Choge ta ɗaukaka har ta rasu a 2013. A hankali, daga kuɗin biki, suka sayi jitar lantarki da lasifika da jerin ganguna, mai bugawa kuma daga cikin dangi ya fito, yadda gidan Ɗankwanda ya yi. Faya-fayan Group Inerane na 2007 da Group Bombino na 2009 su ne suka fara kai wa mutanen waje wannan sabon amo na Agadas mai ganguna.

Bikin Agadas a fili ake yinsa, a tsakiyar unguwa. A shimfiɗa tabarmi a zagaye, a ja waya daga janareta, a ɗora lasifika a ƙure muryarta har tana kakkarwa. Gangunan sun sha rana da ƙura da faci, babbar sai an tokare ta kada ta riƙa guduwa a cikin rairayi duk lokacin da aka taka. Masu rawa na shigowa rukuni-rukuni, ana liƙi, kuma waƙa ba ta da iyaka sai lokacin da fili ya huce. Mai ganga ne ke lura da wannan. In ya ga ƙafafu sun fara nauyi ya ƙara wuta, in sababbin masu rawa sun shigo ya ja da baya kaɗan ya sake hawa da su. Abin da yake bugawa kuma tende ce da takamba ya rarraba wa gaɓoɓinsa huɗu: tafin mata ya koma kan ƙaramar ganga, dukan turmi ya koma ƙarƙashin ƙafa, bugu uku na shiga gurbin biyu, abin da ke rikita makaɗin da ya saba ƙirga huɗu-huɗu. Zai yi awowi a haka, gobe ma akwai wani bikin. Kowane yaro a garin jita yake so ya riƙe ya tsaya a gaba, ganguna kuma tsada gare su, don haka gwanin ganga ba ya ɓoyuwa. Yau yana bayan wannan, jibi yana bayan wancan, duk mai jita ya san nauyin hannunsa.

Ta cikin wannan duniya Mdou Moctar ya biyo. A jihar Tawa aka haife shi a tsakiyar shekarun 1980, a gidan da ba a son kiɗa. Ganin wasan Abdallah Oumbadougou ne ya sa masa sha'awa, ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, kuma bahago ne. Ya yi ci-rani a Libiya kafin ya dawo ya rungumi kiɗa. Waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato ba a sayar da su a kanti ba a lokacin. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, ta memori da bulutut, yadda masu tura waƙa ke cika wa mutum memori a kasuwannin nan namu. Haka suka kai har Kidal a arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya sa ɗaya daga ciki, Tahoultine, a faifan Music from Saharan Cellphones na 2011, sannan ya yi ta cigiyar mai muryar har ya same shi, ya kuma kawo masa jitar bahagwai. Kamfanin Kirkley, Sahel Sounds, ya fitar da Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan, sai fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda labarinsa gasar masu jita ce a Agadas. A 2017 ma Mdou shi kaɗai ya kaɗa komai a kundin Sousoume Tamachek, a birnin Fotlan.

Ƙungiyar da aka sani yau ɗaya-ɗaya ta taru. Ahmoudou Madassane, mai jita ta biyu, tun 2008 suke tare. Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bes, ya shigo wajen 2017, ya zama kuma mai kula da tafiye-tafiye da ɗaukar sauti. Idan za a yi atisaye sai ya hau jirgi daga Niyok zuwa Yamai, sannan ya shiga motar safa ta awa 28 zuwa Agadas, shi ma kuma sai da ya tsaya a filin biki ya sha ƙura kafin hannunsa ya faɗa. Kundin farko da suka ɗauka a situdiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiya shi ne Ilana: The Creator, a Ditroyit, ya fito a 2019, Aboubacar Mazawadje ne a kan ganguna.

Bayan wannan kundi ne kujerar ta koma hannun Souleymane Ibrahim, ƙaramin cikinsu a shekaru. Shaidar da ya zo da ita bukukuwan Agadas ne, inda yake bugu a ƙungiyoyin da ke kiɗan aure. A garin da mai jita ke jin mai ganga kowane mako a gaban ɗaruruwan masu rawa, cigiya a jarida ba ta da abin da za ta ƙara. Abin da ake buƙata a wurin sabon makaɗin kuwa ba ƙarami ba ne. Mdou mutum ne mai sakin jita ta tafi inda ta ga dama, waƙar minti biyar ta zama ta goma sha biyar in daren ya yi daɗi, don haka na bayansa sai ya zama mai karanta kafaɗar maigida, irin makaɗan Shata. Ga kuma zaman mota da jirgi na watanni, da azumi a ƙasar da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, da nisa da iyali.

A lokacin tafiye-tafiyen 2019 aka riƙa ɗaukar kundin Afrique Victime gutsure-gutsure, wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani a Nijar, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da shi a watan Mayu na 2021. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta haura minti bakwai. Tana farawa a natse, sai ganga ta riƙa ƙara sauri sannu-sannu, ta ja jitocin gaba ɗaya har ƙarshen ya zama guguwa. A yawancin situdiyon zamani akan sa wa makaɗi na'urar ƙirga a kunne domin kada saurinsa ya motsa daga farko har ƙarshe, ana ɗaukar motsin a matsayin aibi. Makaɗin biki kuwa wannan motsin shi ne sana'arsa. A ganina nan ne ƙungiyar ta samu abin da ya raba ta da sauran masu jitar Sahara, kuma abin da masu sharhi a Turai suka ji suka kira rok tsantsa, tarbiyyar filin aure ce.

Wasu ƙungiyoyin Nijar sun warware matsalar ta wasu hanyoyin. Bombino, da tafiyarsa ta yi nisa, ya ɗauki Ba'amurke Corey Wilhelm ya zauna masa a kan ganguna. Tal National ta Yamai, wadda Almeida, alƙali kuma mai jita, ya kafa a 2000, tara mutane ta yi da yawa ta yadda za ta iya rabuwa biyu ta yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya, kuma ta ajiye mai kalangu a gefen mai jerin ganguna suna amsa wa juna.

Mu a nan akasin hanyar muka bi, kuma abin yana damuna. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyano guda ta maye gurbin mutum biyar. Ban ga laifin mawaƙan fiyano ba, sun ƙirƙiro salon da ya yi ƙarfin da har ya jawo Ba'azbine zuwa Sakkwato. Amma biki shi ne makarantar makaɗi, yau kuma mai biki a Dogon Daji ko Kebbe ya fi samun sauƙin ɗauko mai lasifika da kwamfuta a kan ya kira masu kalangu ya ciyar da su ya sallame su. Matsalar tsaro ta rage taron dare a ƙauyuka da dama na Sakkwato da Zamfara da Kabi, 'ya'yan makaɗa da yawa kuma sun ga sana'ar ba ta riƙe gida sun kama wata. Inda ganga ke da sauran numfashi sosai shi ne gidan dambe da ƙofar fada ranar Salla da gangamin siyasa, domin a nan ana buƙatar wanda zai ga mutum ya shigo ya kira shi da takensa nan take, abin da memori ba ta iya yi. Jagoran da ke neman sabon hannu a yau wuraren da zai je ya kasa kunne sun ragu ƙwarai, kuma yaron da Allah ya ba hannun ba shi da inda zai yi kuskuren farko a gyara masa.

Ita ma ƙungiyar Mdou ta ga tata jarrabawar. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, aka rufe iyakoki da sararin sama, alhali Mdou da Ahmoudou da Souleymane suna rangadi a Amurka. Hanyar gida ta toshe, har sai da masoyansu suka yi karo-karo ta intanet domin ɗaukar nauyin zamansu. Sun riga sun gama ɗaukar kundin Funeral for Justice kafin juyin mulkin, don haka a wannan zaman jiran suka shiga wani situdiyo a Buruklin suka sake kaɗa waƙoƙin nasa da jitoci marasa lantarki, Souleymane ya sauka daga kan jerin ganguna ya koma kiɗan hannu. Funeral for Justice ya fito a watan Mayu na 2024, wannan na biyun kuma, Tears of Injustice, a watan Fabrairu na 2025, bayan an ɗauko amshin mawaƙan Azbinawa a Nijar an ɗora masa.